Taba a Kaskon Turare

Alhamis, da hantsi

Ƙwayar jiya da yamma tana nan kan faranti inda na ɓallo ta. Ta safiyar yau ban ɓalla ba.

Baban Hafiza ya tafi kasuwar Sheme jiya da sassafe sayen masara, kamar yadda ya saba. Ya sha kokonsa, ya haɗiye maganinsa yana yatsina fuska, ya ce, "Hamida, wannan abu naki zai kashe ni kafin tabar ta kashe ni." Na ce ai gara ka mutu a hannuna. Haka na ce mashi. Wallahi haka na ce, ina dariya, ina ɗauke kofi.

Motar ta dawo Ƙanƙara bayan la'asar, wani ne ya tuƙo ta. Buhunan masara suna ciki, ba wanda ya taɓa su. Mutanen cikinta ne ba su dawo ba.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Kowa a ƙasar nan ya san sunansa.

Alhamis, bayan magariba

Mata sun cika gida. Wannan ta ce Allah ya bayyana shi, waccan ta ce sai haƙuri. Na gode, amma don Allah ku tashi mani daga kan tabarmarsa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Yayansa, Alhaji Barau, ya je Ketare ya ɗauko Inna, mahaifiyarsu. Tana shigowa ta leƙa ɗakinsa, ta tsaya, ta ce, "Ikon Allah, kamar ba ɗakin Mas'udu ba." Gaskiya ta faɗa, kuma aikina ne.

Tun ina amarya nake yaƙi da tabar nan. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji har gidanmu Sabuwa. Na jefa kwali cikin randa. Na taɓa aika wa Sanusi mai tebur na bakin tasha cewa in ya ƙara sayar wa mijina kara ɗaya, Allah ya isa tsakanina da shi. Duk a banza. Mutumin nan sai ya yi dariya ya ce taba ta riga ni saninsa. Muka aurar da Hafiza a Faskari yana nan da abarsa a baki.

Abin da bakina ya kasa, tari ya yi. Bana da damina ta yi nisa, ya kai in ya ɗaga buhu sai ya dafa gwiwa yana haki kamar tsoho. Muka je Katsina. Likitan ƙirji ya ɗaga hoto ya nuna mashi, ya ce in ya bari yanzu akwai sauran gyara. Ya rubuta mashi ƙwaya mai kashe sha'awar taba. A fara da 'yar ƙarama, sannan a ƙara, safe da yamma, bayan an ci abinci, da ruwa kofi cike, har wata uku. Ya juyo wajena ya ce, "Hajiya, ke ce rabin maganin. Ranar da zai ajiye, kada ya tarar da abin da zai tuna mashi."

Ni kuwa abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Na kwashe ashana da laita na zuba a shara. Na wanke riguna, huluna, labule, zanin gado, har da dardumar salla. Na fitar da katifa rana. Na goge bango da tsumma. Na turare ɗakin nan har maƙwabta suka tambaya ko biki za a yi.

Ya sha wuya. Tashin zuciya, mafarkai barkatai, ga faɗa ba dalili. Ya tauna aya har haƙoransa suka yi tsami, aswaki kuwa ba ya barin bakinsa. Yana cewa da tsufansa na mayar da shi ɗan ƙwaya. Amma ya ajiye. Ya yi kusan wata bai kunna ba.

Asabar, da azahar

Sun kira Alhaji Barau da wayar Baban Hafiza. Yana da rai. Alhamdu lillahi, yana da rai.

Sauran maganar ta maza ce, sun shige zaure sun rage murya. Ban tambaya ba.

Litinin, da hantsi

Yau na yi abin da in wata ta gaya mani ta yi, zan ce ta taɓu. Na rufe ƙofa na fito da kayansa kaf daga akwati, ina sunsunawa ɗaya bayan ɗaya. Farar shaddar Juma'a, sabulu. Rigar kasuwa mai ruwan ƙasa, sabulu. Hular da ta fi kowace ɗaukar wari, wadda na wanke har sau uku ina tsaki, sabulu. Na cusa hanci cikin matashi har numfashina ya ɗauke, turaren wuta kawai na ji, nawa, ba nasa ba.

Kai, Hamida! Wa ya aike ki? Ko riga ɗaya ba ki bari ba?

Duk shekarun nan ina kiran abin nan wari. In ya dawo daga tasha, kafin ya yi sallama na san ya iso, don warin yakan riga shi shigowa. Ina toshe hanci, ina ce mashi ya matsa can. Ashe da shi nake gane mijina. Na share mutumin nan daga ɗakinsa da hannuna tun kafin a ɗauke shi.

Ina kewarsa. Ban san yadda zan faɗa wa kowa ba, don haka na rubuta. Ina kewarsa.

Talata, da la'asar

Ba kira.

Laraba, da safe

Yau Laraba. Na ji ƙarar motocin masu zuwa kasuwa suna wucewa ta bayan gida. Wai har yanzu ana zuwa. To, ya za a yi, sai an ci abinci.

Ƙwayar tana nan kan faranti. Inna ta ce in zubar kada kaza ta tsince, na ɗora ta saman kabad.

Alhamis, bayan azahar

Alhaji Barau ya yi sallama ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce an yarda a kai mashi ɗan abin da zai ci da magani kafin a gama magana. Malam Rabo, abokin Baban Hafiza tun yarinta, shi ya ce zai je. Allah ya saka wa Malam Rabo, ba kowa ke miƙa wuyansa haka ba.

Na soya gari, na daka ƙuli-ƙuli da yaji, na sa dabino da maganin zazzaɓi. Sai na ɗauko katin ƙwayarsa na tsaya da shi a hannu. Na kira lambar da likita ya ba mu. Da na faɗa mashi halin da ake ciki ya yi salati, sannan ya ce kada in aika. Maganin ba a shan sa da yunwa, kuma mutumin da ke cikin firgici ba ya bukatar abin da zai ƙara mashi mugun mafarki. Ya ce, "In Allah ya dawo da shi ki kawo mani shi in duba, mu sake farawa daga ƙarama." Na riƙe wannan "in ya dawo" ɗin kamar an ba ni kyauta.

Na mayar da katin. Inna tana kallona daga kan tabarma. Can ta ce, "Ɗiyar nan, ki sa mashi tabarsa."

Na ce, "Inna, taba?"

Ta ce, "Yana can ba abinci, ba barci, ba magani. Kin san yadda yake in abin ya motsa mashi. Wannan ba lokacin gyaran hali ba ne. A bar shi ya samu abu ɗaya da zai sanyaya mashi rai."

Na so in yi musu. Sai na tuna kwanakin farko, yadda yake zagaye tsakar gida kamar an ɗaure akuya. Nan ma da ni, da aya, da ƙwaya. Can fa?

Alhamis, gab da magariba

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ban aiki kowa ba. Na zura hijabi na tafi bakin tasha da ƙafata.

Sanusi mai tebur ya hango ni ya miƙe tsaye, ina jin ya zaci Allah-ya-isan na zo ƙarasawa. Maza suna zaune kan benci, duk suka zuba mani ido. Na buɗe baki, sunan tabar ya ɓace mani. Shekara da shekaru ina jefa ta a randa, ban taɓa karanta abin da ke jikin kwalin ba.

Na ce, "Irin tasa."

Ya duƙa ya ɗauko kwali ya naɗe a takarda kamar mai naɗe tsire, ya miƙo da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Allah ya dawo mana da shi, Hajiya." Na juya zan tafi, sai na ji bakina ya ce, "Ƙara mani kara ɗaya daban." Ya ƙara. Bai tambaye ni ta wane ne ba, Allah ya yi mashi albarka.

Juma'a, da asuba

Malam Rabo ya tafi.

Juma'a, bayan la'asar

Wannan ne lokacin da yakan zagaya bayan ɗaki ya kunna, yana zaton ban sani ba.

Na ɗebo garwashi a kaskon turare na shiga ɗakinsa na turo ƙofa. Na ɗora karan nan kan wuta. Da farko takardar ce ta ƙone, sai hayaƙin ya miƙe siriri. Na yi tari har hawaye. Sai kuma ga shi. Ga Baban Hafiza ya shigo ɗaki, ya dawo daga tasha, yana shirin tambayata me aka dafa. Na zauna bakin gado na rufe ido, na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Astagfirullah. Ni, Hamida, da na hana gida sakat saboda abin nan.

Asabar, da hantsi

Malam Rabo ya dawo lafiya. Bai gan shi ba, karɓar kayan aka yi a bakin wani rafi aka ce ya juya. Fuskarsa kawai na kalla na bar tambaya.

Litinin, da azahar

Alhaji Barau ya shigo da sauri har ya manta sallama, waya a hannu. Ya ce, "Ga shi, yi maza, ba za su bar shi ya daɗe ba."

Na ji numfashi. Na ji tarin nan da na sani.

"Hamida."

"Na'am. Na'am, Baban Hafiza, ina jin ka."

"Ke kika sa taba cikin kayan nan?"

Na ce ni ce. Har na fara murmushi, ina jira ya tsokane ni, ya ce yau ga ranar da Hamida ta saya mashi taba.

Bai tsokane ni ba. Sannan ya ce, a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba, "To. Na gane. Ki yafe mani duk abin da na yi maki. Ki riƙe mani Inna. Ki ce wa Hafiza..."

Aka fisge wayar.

Me ya gane? Me na yi?

Litinin, bayan la'asar

Na maimaita wa Inna maganar. Ta saki carbi, ta dafe kai, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na jawo. Tsufa ya sa na manta."

Ta ce lokacin da mahaifinsu, Malam Yahya, ya kwanta da ciwon suga, shekaru aka yi ana hana shi zaƙi. Shi kuwa ba abin da yake so duniya kamar rake. Ranar da aka sallamo su daga asibiti aka ce a koma gida a yi ta addu'a, dattawa suka ce to, a ba shi abin da ransa ke so. Haka ake yi, kowa ya sani. In an cire rai da mara lafiya, sai a daina hana shi. Mas'udu aka aika kasuwa. Shi ya sayo raken, shi ya fere, shi ya riƙa sa wa ubansa a baki. Malam Yahya ya dube shi ya ce, "Ashe an kai nan?" Bai ƙara kwana uku ba.

Inna ta ce, "Da wani ne ya aika, da bai ɗauka haka ba. Amma ke? Ke da kika yi yaji saboda ita?"

Ni da na aika don in ce ina tausayinka. Shi ya karanta, mun kasa, mun sallama ka, sha abarka kafin lokaci ya yi.

Mutum yana can, abin da ya rage mashi kawai shi ne sanin ana jiransa a gida. Shi na ƙwace da hannuna.

Talata, da safe

Na roƙi Alhaji Barau in sun kira ya ce a gaya mashi ba haka nake nufi ba. Ya ce, "Hamida, waɗannan ba a ba su saƙon mata da miji." Na ce to a ba ni wayar ni in faɗa. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙuri, haƙuri, tun ranar nan haƙuri nake ci, ya ƙi ƙosar da ni! Ban taɓa ɗaga mashi murya ba sai yau. Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi mani sauƙi.

Na ga wani baƙo ya zo sun tafi Ketare tare da Alhaji Barau, duba gonar gado. Ban tambaya ba.

Laraba, da la'asar

Wayar a kashe.

Alhamis, da la'asar

A kashe.

Na koma wajen Sanusi.

Asabar, bayan la'asar

Hafiza ta kira daga Faskari tana kuka, cikinta ya tsufa, mijinta ya hana ta hawa hanya, kuma ya yi daidai. Ta ce, "Mama, me Baba ya ce a gaya mani?" Na ce ya ce ki kula da kanki. Allah ya yafe mani, ban san abin da ya so faɗa ba.

Ƙanwata Suwaibatu ma ta kira daga Sabuwa, wai in taho gida in huta kwana biyu. In tafi ina? In ya dawo ya tarar ba ni nan fa? Sai ya ce ashe abin da ya gane gaskiya ne.

Yau ina zaune gaban kasko sai na ji motsi. Inna ce bakin ƙofa da sandarta. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina, na fara kore hayaƙin da gefen zane. Ta zauna kan dokin ƙofa ta ce, "Bar shi." Can kuma ta ce, "Ɗan matso da shi nan."

Muka zauna, ni da uwar mijina, muna shaƙar abin da muka yi shekaru muna tsine wa. Ba mu tashi ba har ya cinye.

Lahadi

Ko yana cin abinci? Mutum in ya cire rai, abinci ne yake fara bari. Ko ya yi zaton na fara shirin takaba? Ya Allah, ka kai mashi abin da bakina ya kasa kaiwa.

Ina son mutumin nan. Ban taɓa faɗa mashi ba, ba a yi mana tarbiyyar faɗa ba. Faɗan taba shi ne yadda nake faɗa, kuma ashe ya sani.

Talata, da hantsi

Sun kira. An daidaita. Malam Rabo zai sake komawa da abin da aka haɗa, amma sun ce ba ranar za su sake shi ba, sai sun ga dama.

Na tare Malam Rabo a zaure, abin da ban taɓa yi ba. Na ciro katin ƙwayar na ƙulle a bakin ɗankwalina shuɗi, wanda yake cewa ya sa na yi kama da malamar asibiti. Na ce, "Malam, don girman Allah ka roƙe su su ba shi wannan. In sun bari ka yi magana, ka ce in ji Hamida kada ya sha da yunwa, kada ma ya sha ko ɗaya. Ya riƙe. Ya dawo mani da shi cif yadda yake, ni zan ba shi da hannuna. Ka ce wata ukun likita ba su cika ba, kuma ban yafe ko kwana ɗaya ba."

Malam Rabo ya ce, "In ba su bari na yi magana ba fa?"

Na ce, "Zai gane. In ya iya karanta kwalin taba, zai iya karanta wannan."

Laraba, da magariba

Ya kai. Ya ce wani yaro cikinsu ya kwance ƙullin, ya juya katin, ya tambaya ko yana bugarwa. Malam Rabo ya ce a'a, na masu tari ne. Yaron ya cusa a aljihu. Ko ya ba shi, ko ya yar a hanya, Allah masani.

Juma'a

An yi ruwa, mai yiwuwa na ƙarshe. Ina ta tunanin ko akwai abin da ya rufa da shi.

Asabar, bayan la'asar

Kasko. Inna. Shiru.

Litinin, da azahar

Ya dawo.

Ba zan iya rubutu ba. Ya dawo.

Talata, da yamma

Wani mai babur ne ya tsince su a bakin hanya, shi da mutum biyu, ya kira Malam Rabo. Asibiti aka wuce da shi kai tsaye, can na same shi. Da ba don idanun ba da na wuce gadon. Ƙafafu sun kumbura, wuya ya zama kamar na zakara, gemu duk furfura. Na durƙusa na gaishe shi kamar baƙo, don mutane sun cika ɗakin. Ya amsa kamar baƙo. Da na matso ban ji komai nasa ba, sai hayaƙin itace da ƙasa.

Sai da aka watse ya sa hannu cikin wando ya ciro wani tsumma baƙi ƙirin. Ɗankwalina ne. Ƙullin yana nan.

Ya ce, "Ga kayanki. Ƙirga, kada ki ce na ci amana."

Ya ce kwalin tabar su suka shanye, kara biyu suka jefo mashi. Ranar da muka yi waya ya kunna ɗaya, ya sha har ta ƙone mashi yatsa, ya kwanta ya daina karɓar abinci. Ɗayar ya ba wani. Ya ce, "Ina kwance yaron nan ya jefo mani tsumma a fuska. Na ga shuɗi. Na kwance, na ga abin nan mai tayar da zuciya. Na ce kai, matar nan ba ta gama da ni ba. Na tashi na ci tuwonsu."

Bai faɗi sauran ba. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba.

Bai yi kuka ba. Inna ta yi, Alhaji Barau ya yi, shi ko ɗigo. Yana kallon bango kawai. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Alhamis, da hantsi

An sallamo shi. Na share ɗaki, na shimfiɗa sabon zanin gado, na dama koko. Ni dai ban ji komai a ɗakin ba. Yanzu na gane abin da ya sa duk shekarun nan yake rantsuwa shi ba ya jin wani wari.

Ya dafa kafaɗar Malam Rabo har bakin ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya tsaya cak. Ya ɗaga hanci. Ya dubi Malam Rabo, wanda bai taɓa sa taba a baki ba. Ya dubi labule. Ya dube ni.

"Hamida. Wa yake shan taba a ɗakina?"

Malam Rabo ya ce bari ya je ya dawo, ya sulale. Ni kuwa ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na duƙa na jawo kaskon daga ƙarƙashin gado. Guntayen suna ciki cikin toka, ban ko zubar ba.

Na ce, "Ba sha nake ba. Turarawa nake."

"Turarawa?"

"Na wanke kayanka duka. Na nemi warinka ko a hula ban samu ba."

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya ta ce, "Kada ka yi mata faɗa, tare muke yi."

Ya dubi kaskon, ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci tari ne, ashe dariya ce. Ya zauna bakin gado yana dariya yana riƙe haƙarƙari, yana cewa, "Ni ina can ina bari, ku kuna nan kuna koyo! Sai likita ya rubuta mana mu uku." Dariyar ba ta tsaya ba, ta juye. Ya kifa fuska a cinyata ya yi kuka kamar yaro, irin kukan da ake ji har zaure. Na riƙe kansa. Ban ce ya yi haƙuri ba. Na bar shi ya yi.

Juma'a, da safe

Likita ya ce mu zo Litinin ya duba shi, in jiki ya yi ƙwari a sake farawa daga 'yar ƙarama. Ya ce kara ɗaya ba faɗuwa ba ce, kada in dame shi da gori. Ni da wane bakin?

Na sauko da ƙwayar ranar Larabar nan daga saman kabad na zubar. Na kankare kasko da toka. Na cire labule, zanin gado, darduma, riguna, na tara a bakin rijiya. Katifa tana rana. Ba zan bar mashi abin da zai tuna mashi ba, ko da ni ce na kawo shi.

Yana zaune kan tabarmarsa a inuwa, ƙafafu cikin ruwan ɗumi, yana tauna aya. Ya ce, "Ba za ki bar ko riga ɗaya ba? Saboda wata rana."

Na ce, "Ba wata rana. In ina son wari, ga ka nan."

Ya ce ban cuɗa wuyan farar shaddar da kyau ba. Na ce ya taso ya cuɗa da kansa.